Wanda Ya Ɗaure Kura: Darasin Rundunar Dirlewanger ga Ƙasar Kafur

Duk lokacin da aka wayi gari da labarin hari a kudancin Katsina, daga Faskari zuwa Bakori, daga Malumfashi zuwa ƙauyukan Kafur, shawara iri biyu ce ke yawo a majalisu. Wasu su ce a raba wa matasa bindigogi su shiga daji, kada kowa ya tambaye su abin da suka aikata a can. Wasu kuma su ce a jawo tubabbun 'yan bindiga a sa su gaba, tunda su suka san dajin, wai maganin biri karen Maguzawa. Masu wannan magana mutane ne da wuya ta kai wa wuya: manoman da aka hana girbe masara da dawa sai sun biya haraji, da iyayen da suka sayar da gona suka fanshi 'ya'yansu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Sai dai shawarwarin biyu tushensu ɗaya ne: a ba mutum makami da sunan hukuma, sannan a ɗauke masa tsoron alƙali. An taɓa bin wannan hanya har ƙarshenta a Turai, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an san inda ta ɓulle. Wajibi ne a faɗa tun da wuri cewa gwamnatin Hitila ta fita ne da niyyar kisan ƙare dangi, don haka babu mai hankalin da zai haɗa ta da gwamnatin da ke ƙoƙarin kare manoma, ko da saurayin da ke kwana a bakin gari da bindigar toka. Abin da za a koya daga tarihinsu shi ne yadda runduna ke lalacewa idan aka raba ta da shari'a, da kuma wanda ke biyan bashin a ƙarshe.

Rundunar da ta fara da maharba

A shekarar 1940 hukumomin Jamus suka yanke shawarar fito da wasu fursunoni daga kurkuku, waɗanda aka ɗaure saboda farautar sata a gandun dajin da aka hana. Hujjar ita ce sun iya harbi, sun iya bin sawu, sun san daji. Aka tara 'yan gomomi daga cikinsu a Oranienburg, kusa da Berlin, aka ba su horo a ƙarƙashin ƙungiyar SS, wato dakarun jam'iyyar Nazi da Heinrich Himmler ke shugabanta.

Wanda aka ɗora a kansu shi ne Oskar Dirlewanger. An haife shi a 1895, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma samu digirin digirgir a Jami'ar Frankfurt, don haka ba za a ce jahilci ne ya ɓata shi ba. A 1934 kotu ta ɗaure shi shekara biyu saboda lalata da ƙaramar yarinya. Da ya fito, wani tsohon abokinsa mai babban muƙami a SS, Gottlob Berger, ya nema masa gurbi cikin sojojin Jamus da suka je yaƙin basasar Sifen, daga baya kuma ya tsaya masa har aka ba shi wannan sabuwar runduna. A hankali aka daina tsayawa kan maharba. Aka riƙa ƙaro sojojin da kotun soja ta hukunta, da masu manyan laifuffuka daga gidajen yari da sansanonin gwale-gwale. Cinikin a bayyane yake: ka yi mana yaƙi, mu shafe maka laifinka.

Ranar da aka kawar da alƙali

Aikinsu na farko shi ne gadin sansanin aikin tilas na Yahudawa a yankin Lublin na ƙasar Poland. Ɓarnar da suka yi a can, ta kisa da fyaɗe da ƙwace, ta kai har wani alƙalin SS mai suna Konrad Morgen ya buɗe bincike a kan Dirlewanger. Binciken bai kai ko'ina ba. Berger ya tsaya wa abokinsa, aka ɗauke rundunar zuwa Belarus a watan Fabrairun 1942. Shi kuwa Morgen, a wannan shekarar aka sauke shi daga kujerarsa aka tura shi fagen daga a matsayin ƙaramin soja. Kowane ɗan runduna ya ga abin da ya faru, ya kuma fahimci darasin.

Abin da aka yi wa mutum ɗaya a ɓoye sai ya zama doka ga kowa. A tsakiyar 1942 hukumomin Jamus suka hana a kira mayaƙan sa-kai na Tarayyar Sobiyet da ke ɓoye a dazuzzuka da sunan mayaƙa, aka ce a riƙa kiransu 'yan fashi. Ranar 16 ga Disambar 1942 babban hafsan sojojin Jamus, Wilhelm Keitel, ya sa hannu kan umarnin da ya halatta kowace irin hanya a wannan yaƙi, har a kan mata da yara, ya kuma hana a gurfanar da duk wani Bajamushe gaban kotun soja saboda abin da ya aikata a cikinsa. Daga nan sunan ɗan fashi ya faɗaɗa. Ya hau kan wanda ya ba mayaƙi abinci, ya hau kan ƙauyen da ke kusa da daji, ya hau kan kowa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa rundunar Dirlewanger kaɗai ta kashe fararen hula aƙalla 30,000 a Belarus.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya. Da a ce tsohon laifin mutum ne kawai ke sa shi zama dabba, da sai a ce matsalar ta tsaya kan fursunoni. To amma ranar 22 ga Maris 1943, lokacin da aka tara mutanen ƙauyen Khatyn a cikin rumbu aka cinna masa wuta, aka kashe 149, cikinsu har da yara 75, mutanen Dirlewanger ba su kaɗai ne a wurin ba. Tare suke da Bataliya ta 118 ta 'yan sandan taimako, wadda aka kafa a Kiev, kuma da yawa daga cikin mutanenta tsofaffin sojojin Sobiyet ne da aka kama a yaƙi, waɗanda suka karɓi kakin Jamus don su tsira daga yunwar sansani. Ba daga kurkukun masu laifi aka kwaso su ba. Abin da ya haɗa su da fursunonin shi ne sun san babu mai tambayarsu.

'Yan gida masu riƙe wa baƙo ƙafa

Akwai kuma misalin Lokot, wani yanki na manoma a yammacin Rasha, kusa da Bryansk. Da Jamusawa suka mamaye wurin a 1941, sai suka bar wasu 'yan ƙasa su kafa 'yan banga don tsaron garuruwa. Bayan an kashe shugabansu na farko, Konstantin Voskoboinik, a Janairun 1942, wani injiniya mai suna Bronislav Kaminski, wanda gwamnatin Sobiyet ta taɓa ɗaurewa, ya gaje shi. 'Yan bangar da suka fara da tsaron gida suka girma suka kai kimanin mutum 10,000, da kotunsu da kurkukunsu da harajinsu. Da sojojin Sobiyet suka dawo a 1943, babu sauran wurin zama gare su a gida, domin jinin maƙwabta yana hannunsu. Suka bi Jamusawa yamma da iyalansu, suka zama rundunar da ba ta da gari sai inda ubangida ya tura ta.

A watan Agustan 1944 mutanen Warsaw suka yi tawaye, sai Himmler ya turo rundunonin biyu. A unguwar Wola, inda mutanen Dirlewanger suka yi aiki tare da 'yan sandan da Heinz Reinefarth ke jagoranta, an kashe tsakanin mutum 40,000 zuwa 50,000 cikin kusan mako guda, har da marasa lafiya a gadajen asibiti. A unguwar Ochota, kimanin mutanen Kaminski 1,700 suka shagala da wawaso da shaye-shaye da fyaɗe, aka kashe kusan mutum 10,000. Ta fuskar yaƙi kuwa, ba su tsinana abin kirki ba. Rundunar da ta saba da kashe marar makami ba ta iya tsayawa gaban mai makami, kuma ta Dirlewanger ta yi asarar mutane masu yawa a titunan birnin.

Yadda kowa ya ƙare

Kafin watan Agusta ya fita, Jamusawa da kansu suka kama Kaminski suka harbe shi, suka gaya wa mutanensa wai 'yan tawayen Poland ne suka yi masa kwanton ɓauna. Babban abin da aka riƙe a kansa shi ne dukiyar da ya wawashe ya ajiye wa kansa, wadda hukuma ke ganin tata ce. Ubangidan da ya kawar da kai daga jinin dubbai bai yafe taɓa aljihunsa ba. Dirlewanger kuwa, lambar yabo mafi daraja ta jarumta aka ba shi a ƙarshen Satumba.

A ƙarshen 1944, da mutane suka yi ƙaranci, sai aka cika rundunarsa da fursunonin siyasa, 'yan gurguzu da makamantansu. Da aka kai su fagen daga a ƙasar Hungary a watan Disamba, ɗaruruwa suka tsallaka wajen sojojin Sobiyet. A Afrilun 1945 aka murƙushe ragowar a yankin Halbe, kudu da Berlin. An kama Dirlewanger a garin Altshausen a watan Yuni, ya mutu a tsare cikin 'yan kwanaki, kuma mafi yawan bayanai sun nuna duka ne ya kashe shi. Jita-jitar cewa yana raye ta yi ta yawo har sai da aka tono gawarsa a 1960 aka tabbatar.

Ƙananan 'yan haɗin baki, wasu shari'a ta cim musu bayan shekaru. Hryhoriy Vasiura, ɗaya daga cikin jagororin Bataliya ta 118, ya zauna shekaru da dama a matsayin babban ma'aikacin gonar gwamnati kusa da Kiev, sai a 1986 aka gurfanar da shi a Minsk, aka zartar masa da hukuncin kisa a 1987. Manyan da suka ƙulla cinikin fa? An yanke wa Gottlob Berger ɗaurin shekara 25 a 1949, aka sake shi a 1951. Heinz Reinefarth ya zama magajin garin Westerland a Jamus ta Yamma, ya kuma shiga majalisar dokokin jiharsa, ya mutu a 1979 ba tare da kotu ta taɓa hukunta shi kan Wola ba. Khatyn kuwa ba a sake gina ta ba. Wurin da take a yau dandalin tunawa ne da ɗaruruwan ƙauyukan Belarus da aka ƙone da mutanensu.

In aka jera su haka, lissafin ya fito. Mai riƙe da bindiga ya mutu a wulakance, wanda ya ba shi bindigar sau da yawa ya tsufa a gidansa, mutanen ƙauye kuwa babu abin da aka mayar musu.

Ƙasar Hausa ta san wannan wari

Ba sai an je Turai ba kafin a ga rundunar da aka saki ba linzami. A 1899 ayarin sojan da Faransa ta tura ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa a kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Turawan cikinsa 'yan kaɗan ne. Akasarin mayaƙan 'yan Afirka ne, kuma da yawa ladansu ganima ce da bayi. Suka riƙa ƙona garuruwa a hanya, suka yi wa Birnin Konni kisan gilla a watan Mayu. Da labari ya isa Faris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, sai Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a kusa da Dankori, cikin ƙasar Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya suka kashe Chanoine da Voulet. Faransa ta rufe binciken da cewa wai hauka ce ta kama su, ta kuma riƙe duk ƙasar da ayarin ya ci. Wannan ma lissafi ɗaya ne da na Warsaw, shekara 45 kafin ta.

Abin da ya shafe mu a yau

Mutanen Kafur sun ga gwajin sulhu a kusa, domin ɗan ƙasarsu ne ya gwada shi. Aminu Bello Masari, gwamnan Katsina daga 2015 zuwa 2023, ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji a Satumbar 2019 ya zauna da 'yan bindiga. A tsakiyar 2020 ya fito ya ce sun ci amana, a 2021 kuma ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse ya tuba. Bai cika wata uku ba ya koma daji, a can aka kashe shi. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa lada a kansa bayan kisan Kadisau na Yunin 2020, shi ne aka yi wa rawani a 'Yandoto a 2022. Duk saurayin da ke daji ya ga wannan, kuma darasin da ya ɗauka shi ne wanda mutanen Dirlewanger suka ɗauka ranar da aka sauke Morgen.

Ta ɗaya ɓangaren, tarihin 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina ya nuna abin da ke faruwa idan suna ya faɗaɗa. An fara da neman ɓarayin shanu, aka ƙare da kashe Bafulatani a kasuwa saboda kamanninsa, da ƙona rugar da ba ta san hawa ba balle sauka. Kowace ruga da aka ƙona ta zama wurin ɗibar sababbin 'yan bindiga, shi ya sa gwamnatoci suka sha haramta ƙungiyar. Ramuwar gayya kuma ba ta neman wanda ya yi harbin. Ranar 19 ga Agustan 2025 aka kashe gomman masallata suna sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi, gwamnatin jiha kuma ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen yankin suka yi wa 'yan bindiga kwanaki kaɗan kafin nan. Mutanen da suka kare kansu ba su yi laifi ba. Abin da ya fito fili shi ne an bar su su kaɗai a daren da ya biyo baya.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da matasa kimanin 1,500, mataki ne da ya fi sakin kowa da bindigarsa, domin tana da doka da kaki da albashi. Amma SS ma tana da kaki da albashi. Abin da zai raba runduna mai tsaro da runduna mai ɓarna shi ne amsar tambayoyi kaɗan, kuma ya kamata a riƙa yin su a fili.

Tambaya ta farko, wa ya tantance wanda aka ɗauka, kuma ina rajistar sunansa da lambar bindigarsa? Mai unguwa da dagaci sun san ɗan da ya gagari iyayensa, bai kamata takardar ɗan siyasa ta rinjayi shaidarsu ba. Ta biyu, daga ina ladansa yake fitowa? Ranar da shanun da aka ƙwato ko babur ɗin da aka kama suka zama rabon wanda ya kama, an koma zamanin Voulet, domin daga nan kowane mai shanu abin farauta ne. Ta uku, idan ya kama mutum, ina yake kai shi, kuma cikin awa nawa? Ta huɗu, idan shi ya kashe marar laifi, wace kotu ce za ta saurari matar mamacin, ko Bafulatana ce ko Bahaushiya, kuma wane babba ne zai amsa tambaya tare da shi? Ta biyar, yaya za a karɓe bindigar ranar da zaman lafiya ya dawo, kuma wace sana'a aka tanadar masa?

Game da tubabbu, sulhu alheri ne, kuma babu yaƙin da ke ƙarewa ba tare da zama ba. Ana iya yafe wa mutum, a ba shi gona, a sa 'ya'yansa a makaranta. Abin da tarihin Kaminski ya hana shi ne a bar masa makaminsa da mutanensa, a kuma naɗa shi mai tsaron yankin da ya addaba. Wannan ba wa kura ajiyar nama ne, kuma manomin Bakori ko Kafur zai ci gaba da biyan harajin da yake biya, sai dai yanzu da hatimin hukuma a kai.

Za a ce kotunanmu suna da jan ƙafa, ana kama ɗan bindiga yau a gan shi a kasuwa gobe. Koken gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da ke tura mutanen kirki ga ɗaukar doka a hannu. Maganinsa shi ne a kashe wa shari'a kuɗi kamar yadda ake kashe wa motocin sintiri: alƙalai na musamman a Funtuwa da Malumfashi da za su saurari waɗannan ƙararraki cikin makonni, kariya ga shaidu, da sanar da jama'a hukuncin da aka yanke. Kotun da ta ɗaure ɗan bindiga a bainar jama'a ita ce za ta samu bakin ɗaure ɗan banga da ya wuce gona da iri, jama'a kuma su yarda.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu suna aika kuɗin 'yan banga zuwa gida kowane wata, daga Kano ko Kaduna ko Abuja. Wasu lauyoyi ne, wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma, wasu suna cikin ƙungiyoyin ci gaban garuruwansu. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta, kuma wanda ya ba da kuɗin igiya yana cikin waɗanda suka ɗaure. A taron ƙungiya na gaba, kafin a karanta lissafin harsashi da man babur, ya kamata wani ya miƙe ya nemi a karanta sunayen waɗanda aka kama a watan da ya wuce, da inda kowannensu yake yanzu.